Babi na Biyar: Kaskon Turaren da Bai Taɓa Ganin Garwashi Ba

Da kuskurena zan fara, tunda ni na riga kowa yin sa. Wata Asabar da hantsi, a shekarun da na zauna a Birmingham, maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa rungume da wani abu naɗe a tsohon tawul. Dattijuwa ce Baturiya, ta haura saba'in, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe da ajiye aiki. Mama nake ce mata. Da farko sunan dariya yake ba ta, daga baya ta saba, har in na gaishe ta ban faɗa ba sai ta tambaye ni ko lafiya. Yayarta ce ta rasu, aka raba 'yan komatsanta, wannan ya faɗo a rabonta. Ta san ba na wuce kasuwar tsofaffin kaya ban tsaya ba, shi ya sa ta nufo ni.

Da ta warware tawul sai ga kwano, faɗin bakinsa kamar taƙi guda, zaune a kan ɗan gajeren gindi. Rabinsa na ƙasa an yi masa tudu da kwari kamar jikin kabewa. Wani wuri ya yi baƙi ƙirin, wani wuri kuma shuɗi-shuɗi da ruwan ƙasa kamar wuyan tattabara. A bakinsa akwai murfi, in har za a kira shi murfi: raga ce ta waya mai ɗan tozo, idanunta manya, ɗan yatsa zai shige ya fito.

Ban ko tsaya tunani ba na ce, "Mama, ai wannan kaskon turaren wuta ne." Duk wanda ya tashi a ɗakin da ake turara kaya haka zai ce. Ga wurin garwashi, ga raga da za ta tare bakin zane kada ya faɗa wuta. Ta ce ita dai tun tana yarinya makullai da maɓallai take gani a ciki. Abin da ta sani shi ne abin da ake faɗa a gidansu: kyautar biki ce ta kakar mahaifiyarsu, wadda ta yi aure a shekarun 1870, zamanin Sarauniya Biktoriya, kuma azurfa ce tsantsa.

Magana uku ke nan a kan tebur: tawa ta turare, tasu ta azurfa tsantsa, da ta shekarun 1870. Kafin la'asar ɗaya ta faɗi warwas, ɗaya ta sha da ƙyar, ɗaya kuma ta gusa da fiye da shekara talatin.

Tawa ce ta fara faɗuwa, kuma cikin kwanon ne ya kayar da ita. Babu kunnen wuta, babu toka da ta maƙale, babu dabbaren ƙaro ko na sandal da ya narke. Abin da ke ciki ragowar ruwan zinariya ne da ya koɗe, sai kuma wani zobe mai duhu da ya kewaye ciki daidai inda ruwa ya saba tsayawa. Sannan azurfa ta fi kowane ƙarfe saurin ɗaukar zafi. Ka zuba garwashi a kwanon azurfa marar mariƙi, kafin ka kai shi ƙofar ɗaki ka yar. Gidajen Ingila ma ba su da al'adar turaren wuta irin tamu. A coci ake ƙona shi, cikin kasko mai sarƙa da ake lilo da shi. Abin da suke ajiyewa a falo don ƙamshi busassun furanni ne da kayan yaji, kwanonsu kuwa murfinsa ƙananan huda ne da aka fafe a jikin fallen ƙarfen, babu abin da zai shiga ta ciki. Ramin da ɗan yatsa zai shige an yi shi ne don a soka wani abu. Abin kuwa karan fure ne.

Kwanon wardi suke kiransa. A cika shi da ruwa, a ɗora raga, a yanke karan wardi gajeru a soka ɗaya bayan ɗaya har ragar ta ɓace, sai ka ga kamar tulin fure ne ya tsiro daga cikin azurfa. Wardi kansa nauyi gare shi, in aka jefa shi a kwano mai faɗin baki sai ya kwanta a gefe ya bar tsakiya fayau. Ragar ce ke tsayar da shi. Ruwan zinariyar cikin kuma ba don ado kawai ba ne, ruwan da kara ya kwana a ciki yana ɓata azurfa, zinariya kuwa ba ruwanta.

Yadda aka yi fure ya hau teburin cin abinci har aka ƙera masa kwano na kansa, labarin barori ne kafin ya zama na masu lambu. A ƙarni na 18 manyan gidajen Ingila sukan jere abinci gaba ɗaya a kan tebur, kwano na gogar kwano, kowa ya miƙa hannu ko ya roƙi na kusa ya miƙo masa. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 sai wani salo ya samu shiga, wanda suka jingina wa Rashawa: a yanka nama a gefe, barori su riƙa kawo abinci kala bayan kala. Tsakiyar tebur ta zama fili fetal, uwargida kuwa ba za ta bar baƙi su zauna suna kallon farin ƙyalle ba. A daidai lokacin gilashi ya yi araha, don a 1845 aka soke harajinsa, masu hali suka yi ta gina ɗakunan gilashi na rainon shuka. Jirgin ƙasa kuma yana kawo fure ɗanye shakaf kasuwar Covent Garden ta Landan kafin gari ya waye. Wardi ya zama abin gasa, har masoyansa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1876. Daga ƙarshen ƙarnin zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kwanon wardi ya zama abin da ake bai wa amarya, da wanda ya yi ritaya, da wanda ya ci gasa.

Yana da 'yan'uwa, kuma su ma suna rikita magada. Akwai mai-rassa, wanda ake kafawa a tsakiyar tebur. Na ƙarni na 18 ƙananan kwanduna ke rataye a rassansa don kayan marmari da alewa, na zamanin Biktoriya kuwa rassan sun koma mazurari dogaye masu kama da bakin kakaki, kowanne da 'yan furanninsa. In mazuraran suka ɓace, magaji sai ya ɗauka mazaunin kyandir ne. Akwai dogon kofin fure mai siririn ƙugu, wanda ake cika gindinsa da kwalta ko siminti don kada ya kife. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne ɗan ƙaraminsu, mazurari da bai wuce tsawon yatsa ba, da allura ɗaure da 'yar sarƙa, wani lokaci da zobe. Budurwa ke riƙe shi a wurin rawa. A naɗe karan 'yan furanni da jiƙaƙƙen gansakuka, a cusa, a soke da allurar ta huda biyu da ke gefe don kada su zube, zoben kuma ta zura a yatsa ta saki abin yana reto in za ta ba da hannu. Wasu ma da ƙafafu uku da ke buɗewa, a tsayar da shi a tebur. Na ga an ajiye irinsa a kasuwa da takarda a jiki wai abin kashe kyandir ne.

Dalilin da ya sa jikoki suka manta aikin ragar ba nisa gare shi ba. Constance Spry, wadda ta jagoranci adon furanni a bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, ta koya wa matan Ingila su duƙunƙune wayar kejin kaji su cusa a kowane irin mazubi. A 1954 kuma wani Ba'amurke a jihar Ohio, V. L. Smithers, ya fito da koren soson nan mai shan ruwa da masu sayar da fure ke soka kara a ciki. Daga nan raga ta rasa aiki, kwano ya koma ma'ajin makullai.

Sai batun ƙarfen. A nan na roƙi Mama ta ɗauko gilashin da take karanta takardar magani da shi, muka matsa jikin taga. Ƙasa da leɓen kwanon kaɗan akwai 'yan tabo huɗu a jere, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na jiƙa auduga da ruwan sabulu na share wurin a hankali. Na farko ya shafe, sai gefen wani baƙi da alamar "da" ta Turawa. Na biyu anga ce, ƙugiyar da jirgin ruwa ke jefawa ya tsaya. Na uku zaki ne yana tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Na huɗu ƙaramin baƙin k.

In da za a tambaye ni abu ɗaya da Ingila ta yi daidai a sha'anin kasuwa, wannan zan nuna. Ba maƙeri ke buga waɗannan hatimai ba, ban da na farko, ba kuma mai kanti ba. Wani na uku ne wanda ba shi da riba a cinikin. A 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya yi doka cewa kada kayan azurfa su bar hannun maƙeri sai an gwada su an tabbatar sun kai darajar kuɗin sarki, sannan a buga musu kan damisa. Darajar ita ce kashi 925 cikin 1000 azurfa, ragowar 75 galibi jan ƙarfe, abin da ake kira sitalin. Azurfa zalla laushi gare ta, kwanon da aka yi da ita zai lotse da ɗan bugu. Saboda haka "tsantsa" ɗin gidansu Mama tun a nan ta fara ɗingishi, ko da yake ba abin kunya ba ne. A 1363 aka wajabta wa kowane maƙeri ya sa tasa alamar, don a san wanda za a kama. A 1478 aka ce kowa ya riƙa kai kayansa zauren ƙungiyar maƙeran zinariya na Landan a gwada a can, aka kuma ƙara baƙi ɗaya da ke sauyawa kowace shekara. Ba don a taimaki masu tarihi aka yi shi ba, don a gane ma'aikacin da ya yi gwajin ne in an samu algus. Sunan da Turawa ke kiran hatimin da shi har yau ma'anarsa alamar zaure. Zakin kuwa ya zo a 1544, lokacin da Sarki Henry na Takwas ya shiga gauraya kuɗin ƙasar da jan ƙarfe, aka buƙaci abin da zai ce wannan kwano bai bi sule ya lalace ba.

A da akan kai kaya ne kafin gugar ƙarshe. A kankare ɗan mitsitsi daga wurare daban-daban a gwada. In ya kai, a buga hatimi. In ya gaza, a farfasa a mayar wa mai shi tarkacensa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, hukuma kuma ba ta ɗauki abin da wasa ba: a 1757 hukuncin buga hatimin jabu kisa ne, a 1773 aka sassauta zuwa korar shekara 14 zuwa ƙetaren teku.

Zaki ya ce kwanon Mama sitalin ne. Anga ta ce a garin da muke zaune aka gwada shi, kuma duk mutumin Birmingham ya san abin dariyar da ke ciki, don garin na cikin waɗanda suka fi nisa da teku a Ingila. Kafin 1773 maƙeransa sai sun aika kaya Chester ko Landan a keken doki, su dawo a lotse ko kuma wani ya kwaikwayi ƙirar a hanya. Matthew Boulton, mai masana'antar Soho, wanda daga baya ya haɗa gwiwa da James Watt a kan injin tururi, shi ya tsaya kai da fata a majalisa har aka ba Birmingham da Sheffield ofisoshin gwaji nasu a wannan shekara, maƙeran Landan na ta kumfar baki. Ana ba da labarin cewa a wata mashaya ta Landan mai suna Kambi da Anga wakilan garuruwan biyu ke haɗuwa, sai suka raba sunan: Sheffield ta ɗauki kambi, Birmingham ta tashi da anga. Landan tana nan da kan damisarta, wanda in ka duba da kyau fuskar zaki ce, kuma yana sanye da kambi har 1821. Edinburgh ganuwar fada ce mai hasumiya uku. Chester damman alkama uku ne da takobi, an rufe ta a 1962. Sheffield ta sauya kambi da furen wardi a 1975. Huɗu suka rage a yau: Landan, Birmingham, Sheffield da Edinburgh.

Kafin mu je ga k, na ce wa Mama mu ƙirga abin da babu. Daga 1784 zuwa 1890 gwamnati na karɓar haraji a kan kayan azurfa, sisi a kan kowace oza da farko, kuma shaidar an biya ita ce a buga kan mai mulki a jerin hatiman. Duk kwanon da aka yi a shekarun 1870 dole a ga kan Biktoriya a gefe, ƙanƙane, tana kallon hagu. Muka juya kwanon, muka duba gindi, muka duba leɓe. Babu sarauniya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, ko guga ce ta cinye ta?" Tambaya ce mai kyau, amma guga ba ta ɗauke hatimi ɗaya ta bar wurinsa sumul tsakanin maƙwabtansa. Jerin a cike yake, ba gurbin na biyar.

Baƙin shekara shi ke ruɗin sabon shiga, don abacada takan ƙare a sake daga farko. Kowane zagaye da salon rubutunsa da siffar garkuwar da ke kewaye da baƙin, kuma kowane gari da nasa lissafin. A Birmingham akwai ƙaramin k na 1884, amma da rubutun nan mai ƙahonni na tsofaffin littattafan coci, kuma yana tafe da kan sarauniya. Akwai babban K na 1934. Namu ƙarami ne, a miƙe, irin na littafin makaranta, daga zagayen da ya fara da a a 1900 ya tsallake j. Ka ƙirga da yatsu: k ta faɗo a 1909. A wancan zamani a watan Yuli Birmingham ke sauya baƙi, saboda haka tsakanin Yulin 1909 da Yunin 1910 kwanon ya shiga ofishin gwaji, a ƙarshen mulkin Edward na Bakwai. Sai daga 1975 ne duk ofisoshin suka koma sauyawa tare ranar 1 ga Janairu. Ba sai ka haddace wannan ba. Akwai ɗan littafin aljihu na Bradbury da dillalai ke yawo da shi, jadawalin kuma yana intanet. Abin da ba za a yi maka ba shi ne tsayawa ka kwatanta siffar baƙin da ta garkuwar, maimakon ka ga k ka kama ta farko da ka tarar.

Ragar fa? Doka ta ce duk ɓangaren da ke cirewa, in azurfa ne, shi ma a buga masa aƙalla zaki. Muka bi bakinta kaf, ba zaki. Sai wasu baƙaƙe huɗu a jere, kowanne cikin 'yar garkuwarsa: E, P, N, S. A saman wayoyin, inda yatsu da kara suka yi ta goga, farin ya koɗe wani rawaya-rawaya ya leƙo.

Nan ne mafi yawan magada ke shan kunya a gaban dillali, don haka bari in ɗan daɗe. Wajen 1743 wani maƙerin wuƙa a Sheffield, Thomas Boulsover, ya gano cewa in aka gasa fallen azurfa a kan jan ƙarfe sukan manne, a murje su tare kamar ƙarfe ɗaya. Aka yi kusan shekara ɗari ana yi wa masu matsakaicin hali kaya da wannan, kuma in ya tsufa jan ƙarfen kan ɓullo a gefuna, ja-ja. A 1840 George da Henry Elkington na Birmingham suka yi rajistar hanyar shafa azurfa da lantarki: a tsoma abu a ruwan sinadari, wuta ta ɗora masa azurfa siririya ainun. Baƙaƙen nan huɗu abin da suke nufi ke nan, an shafa ruwan azurfa da lantarki a kan wani ƙarfe da suke kira azurfar nikel. Sunan kansa yaudara ne, gaurayen jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, ko ƙwayar azurfa babu a ciki. Masu wannan sana'a ba su ƙarya a fili, amma sun iya shiga rigar wani. Sukan raba baƙaƙensu cikin garkuwoyi huɗu ko biyar, su rubuta su da rubutu mai ƙahonni, wasu su ƙara kambi, ta yadda daga nesa sai ka rantse hatimin ofishin gwaji ne. Wasu su buga A1, wanda yabon kai ne kawai na kamfani. Kama da wane ba wane ba ce. A kayan Ingila, in ba zaki mai tafiya, ka ɗauka shafe ne har sai an nuna maka akasin haka. Abin da ya fita daga wannan ƙa'ida kaɗan ne, kamar hoton mace zaune da mashi da garkuwa, alamar azurfa mai daraja 958 da aka tilasta daga 1697 zuwa 1720.

Raga ta shafe a kan kwanon sitalin ba ha'inci ba ne. Haka ake sayar da da yawansu tun asali, don waya mai tauri ake so a wurin, kuma abin da zai rayu cikin ruwa bai cancanci tsada ba.

Zakin ma a yi hattara da shi. Kamfanin Gorham na Amurka yana buga zaki da anga da baƙin G, mutane da yawa suna ɗauka kayan Birmingham ne, alhali angar ta jihar Rhode Island ce inda kamfanin yake. Amurka ba ta da ofishin gwaji, kamfani ne ke rubuta STERLING da kansa ya tsaya a kan maganarsa. Jamus tun 1888 jinjirin wata ne da kambi, sannan lamba, sau da yawa 800. Faransa tun 1838 kan wata mace ne mai hular yaƙi, Minerva. Tsohuwar Rasha 84 take bugawa, a ma'auninta, daidai da 875. Gwaje-gwajen gida kuwa ban ba su muhimmanci ba. Mayen ƙarfe in ya kama, to ba azurfa ba ce, amma in bai kama ba bai ce komai ba, don jan ƙarfe ma ba ya kamawa. Mai sayen tsohon ƙarfe zai ce a kawo ya goga da zarto ya ɗiga ruwan batir. Kada ka yarda, tabon ba ya fita. Ofisoshin gwaji da manyan dillalai yanzu suna da na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi abin da ke ciki ba tare da ta taɓa shi ba.

Ina bayanin nan sai na tuna awarwaron kakata, wanda ba hatimi ko ɗaya a jikinsa, amma ba wanda ya taɓa shakkarsa. Maƙeran farinmu ba su da zauren gwaji, sai dai ba a banza suke aiki ba. Kuɗi ake kai musu su narka, shaidar tana jikin kuɗin. Liyari, dalar Maria Theresa ta Ostiriya, nauyinta giram 28, darajarta 833, ta ratso Sahara ta cika kasuwanninmu. Lokacin da Baturen matafiyin nan Barth ya zo Kano a 1851 ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Daga baya ga sulalla da fatakun Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913, su ma 925 ne, irin kwanon Mama sak, kafin a koma na gaurayen tagulla daga 1920. Liyarin kuma tana da nata darasin ga mai neman shekara: matar ta rasu a 1780, amma duk wadda aka buga bayan nan 1780 aka ci gaba da rubuta mata, har waɗanda aka buga a Landan da Birmingham a ƙarni na 20. Shekarar da ke rubuce a jikin abu daban, shekarar da aka yi shi daban. Haka rubutun sadaukarwa a jikin kwano, ana iya zana shi shekara hamsin bayan ƙira. Baƙin ofishin gwaji ne kaɗai aka buga tun abin bai bar hannun maƙeri ba.

Hatimin maƙerin dai ya tafi, kuma na san abin da ya ci shi. Yana daidai inda babban yatsa ke dafawa in ana guga, wata baiwar Allah ta yi shekaru tana dirzar wurin duk mako. Kowace guga tana tafiya da ɗan ƙarfe. Baƙin da azurfa ke yi ba tsatsa ba ce, farar wuta ce da ke cikin iska ke haɗuwa da fatarta, shi ya sa ƙwai da robar ɗaure kuɗi da ulu ke saurin baƙanta ta. A sama yake tsayawa, ba ya cin ƙarfen. Mai gugar ne ke ci. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi sun isa a fara, sannan man goge azurfa kaɗan, ka kuma rufe hatiman da yatsa. Toka da yashi da soson ƙarfe a bar wa tukunya. Dabarar nan ta tsoma kaya a ruwan zafi da takardar alminiyam da bakin soda tana aiki, amma takan wanke har duhun da ke cikin kwarin ƙira, wanda shi ke fito da ado, abu ya fito fari fat kamar gwangwani.

Mun ɗora kwanon a sikelin kicin, ba raga: giram 620, wajen oza 20 a ma'aunin masu azurfa, inda oza ɗaya take giram 31.1. Azurfar da ke ciki ta kai giram 573. Wannan lissafi shi ne ƙasan farashi, abin da mai narkarwa zai duba, kuma duk mai niyyar sayarwa ya kamata ya yi shi kafin ya fita daga gida. Irin kofin nan mai cikakken gindi kuwa sikeli ƙarya zai yi maka, rabin nauyin kwalta ne. Kwanonin wardi na wannan zamani an yi su da yawa, ba kayan gidan tarihi ba ne. Na faɗa mata haka, ta ce da ma ba sayarwa za ta yi ba.

Shekarar ce ta tsaya mata a rai. Bayan kwana huɗu ta dawo da wani gwangwanin biskit cike da takardu, ta zaro ɗaya mai ninki huɗu ta shimfiɗa a tebur. Takardar aure ce, watan Afrilu 1910. Amaryar ba kakar mahaifiyarsu ba ce, 'yarta ce, wato kakarsu su Mama, wadda aka yi wa takwara da uwarta. Suna ɗaya, gida ɗaya, biki biyu. A bakin jikoki kwanon ya haura tsani ɗaya ba wanda ya lura. Ta ce wannan kakar ta san ta, ita ke ba su alewa a ɓoye ranar Lahadi, ɗayar kuwa ko hotonta ba ta taɓa gani ba.

Lokacin ba na wardi ba ne, na lambunta ko toho bai gama ba. Ta sayo dami biyu a kantin bakin titi, ta yanke karan da almakashin ɗinki, sun yi tsawo, ta sake yankewa. Sha huɗu ba su rufe ragar ba. Ta ƙirga idanun da suka rage, ta ce in zan fita gobe in taho mata da dami uku.